Daga Gombe Zuwa Kumasi da Jakar Goyo

Tun ina ƙarami nake jin sunan Kumasi a zauren gidanmu da ke Jekadafari, domin Bappana, yayan mahaifina, a can ya yi samartakarsa yana ɗaurin huhun goro a ƙarƙashin wani maigida, kuma da wuya a zauna hira da shi bayan sallar isha'i bai ɓullo da zancen garin ba. Ba da son ransa ya baro can ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako 2 kacal ya fice daga Gana, shi ma ya biyo ayarin waɗanda suka dawo a bayan manyan motoci, daga shi sai tabarma da buta da wata 'yar akwatin ƙarfe wadda har yau tana ƙarƙashin gadonsa. Shekara 14 bayan haka, a 1983, gwamnatin Shagari ta yi wa 'yan Gana irin wannan kora, har jakar da suka kwashi kayansu a ciki ta samu sunan da muke kiranta da shi har gobe, wato Gana-mas-go. Bappa kan ce ranar da ya ji labarin a rediyo bai yi murna ba, domin ya san yadda ake ɗaure kaya cikin dare.

Ni malamin makaranta ne, Hausa nake koyarwa a sakandare, saboda haka maganar tikitin jirgin sama ba ta ma taso ba. Adashi na shiga, da na kwasa na yi fasfo mai tambarin ECOWAS, na je aka yi mini allurar rigakafin cutar shawara aka ba ni katin nan mai ruwan ɗorawa wanda ake tambaya a kan iyaka, sannan na jira dogon hutun watan Agusta. Jakar goyo ɗaya na ɗauka, na saka kaftani 3 da sallaya da cajar waya da maganin zazzaɓi, sai ƙullin dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi, waɗanda suka tsare mini aljihu fiye da yadda na zata. Da na je sallama, Bappa ya sa na raba kuɗina gida uku, ya ce, "Ɗan nan, ɓarawo aljihu ɗaya yake laluba ya gudu, ba ya tsayawa ya ƙirga sauran." Ya kuma ce kada in dawo masa hannu rabbana, ƙwaryar goro yake so daga kasuwar Kumasi.

Hanyar Gombe zuwa Legas ta haura kilomita 1,000, kuma duk wanda ya taɓa shiga safa ya bi ta Bauchi da Jos da Akwanga da Abuja, ya ƙetare gadar Lokoja ya nausa ƙasar Yarbawa, ya san yadda gwiwa ke sandarewa a cikinta, don haka ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Na kwana a Agege wurin wani ɗan unguwarmu, da asuba ya raka ni tashar da ake shiga motar Seme, iyakar Nijeriya da Benin.

A nan ne mai tafiyar tsimi yake yanke shawarar farko. Akwai manyan motocin da ke ɗaukar mutum daga Legas su sauke shi a Akra kai tsaye, tafiyar kusan kilomita 460, kuma ma'aikatansu ne ke tattara fasfo su kai a buga hatimi a kowace iyaka. Akwai kuma tafiyar yanka-yanka, wato ka shiga ƙaramar mota zuwa Seme, ka ƙetare da ƙafa, ka nemi wata zuwa Kwatano, daga nan wata zuwa Lome, daga nan kuma wata zuwa Akra. Da na yi lissafi a takarda na ga yanka-yankar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai na zaɓe ta, ina jin kaina mai wayo. Abin da takardar ba ta nuna mini ba shi ne iyaka 3 ce a gabana, kowace da tebur biyu, na fita da na shiga, sannan kuɗi iri 3 zan riƙe, naira da sefa da sidi, kuma duk lokacin da kuɗi ya bi ta hannun ɗan canji sai ya fito a rame.

A ɗaya daga cikin iyakokin nan, ba sai na faɗi wacce ba, jami'in da ke bayan tebur ya buɗe fasfona, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, ya ce sabon fasfo yana da kuɗinsa na musamman. Ni kuwa malanta ta motsa. Na shiga yi masa bayanin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Bai musa mini ba, bai kuma ɗaga murya ba. Fasfon kawai ya tura ƙarƙashin wani babban littafi, ya yafito na bayana. Na tsaya a gefe ina kallon mutane suna wucewa, direbanmu kuma yana ta danna oda a waje, har wata Hajiya mai fataucin atamfa da muka shigo mota ɗaya ta matso kusa da ni ta ce, "Malam, wannan dokar da kake karantowa a Abuja take aiki. Nan mota ce za ta tafi ta bar ka da jakarka." Ita ta koma teburin ta yi ciniki kamar mai sayen tumatir, ta rage kuɗin zuwa rabi, na biya ina jin zafi a raina. Har yau ban ga dalilin da zai sa in ce abin daidai ne ba, amma na gane cewa mai gardama a kan iyaka yana bukatar ya zama ba ya sauri, ni kuwa kujerata tana cikin motar da ke shirin tashi.

Ban da wannan, hanyar bakin teku ta biya ni wahalata. Mutumin Gombe da ruwan da ya fi sani shi ne dam ɗin Dadin Kowa, sai ga shi yana tafiya teku na hagunsa, itatuwan kwakwa a jere, masunta suna jan koma da igiya a kan rairayi. A Kwatano 'yan acaɓa riguna masu ruwan ɗorawa suke sawa, kuma yawansu ya sa na daina ganin namu da yawa. Togo ta wajen teku siririya ce, kilomita 50 da 'yan kai, kafin ka gyara zama ka isa Lome, iyakar Gana kuwa tana manne da birnin, ka taka kaɗan ka shiga Aflawo. A nan na yi wauta ta biyu, domin ban san cewa daga Togo agogo yana komawa baya da awa ɗaya ba, sai da na ga ina ta ɗokin sallar la'asar mutane suna kallona, wani mai shayi ya nuna mini agogon bangonsa yana dariya. Da Hausa ya yi mini bayanin. Tun daga Seme har Akra ban rasa wanda zan tambayi hanya da harshena ba, in ba mai shayi ba to ɗan canji ko mai tsire.

Akra, wadda Bappa har yanzu Ankara yake ce mata kamar yadda fataken zamanin da suke faɗa, kwana ɗaya na yi mata a unguwar Nima, da safe na nufi shataletalen Kwame Nkuruma inda ake samun motocin Kumasi. Tazarar kusan kilomita 250 ce, amma cunkoso ya sa muka yi wajen awa 6, muna bi ta Nsawam da Suhum da Nkawkaw, wadda ke kwance a gindin wasu dogayen duwatsu da hazo ya lulluɓe kawunansu. Daf da shiga Kumasi muka wuce Ejisu, sunan da a lokacin ban ba shi muhimmanci ba.

Masaukin da na samu a Kumasi, a gefen unguwar Aboabo, ɗaki ne mai fanka da katifa da bokitin wanka, kuma na zaɓe shi ne saboda ina jin kiran salla daga tagarsa, ga abincin da ba sai na yi tambaya a kansa ba. Da gari ya waye na fito neman kalaci, sai ga koko da ƙosai, kuma su kansu mutanen Gana kokon Hausa suke ce masa. Da hantsi na ga layi a gaban wata mata mai katuwar tukunya, aka ce waakye take sayarwa, ana furta shi kamar "wace". Da ta buɗe sai na ga shinkafa da wake ne, an dafa su da karan dafi har sun yi ja, ana zuba musu taliya da gari da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Sunan daga waken namu ya fito. Haka tuo zaafi, wanda ake ci da miyar lalo, tuwon zafi ne harshe ya lanƙwasa, kuma 'yan matan da ke dakon kaya a ka cikin kasuwa ana ce musu kayayei, rabin kalmar kayanmu ne, rabin kuma daga harshen Ga. Hausar zangon kanta, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi, sai da kunnena ya yi kwana biyu kafin ya saba da ita, domin ba su damu da bambanta namiji da mace ba, kuma ƙ da ɗ da ɓ duk sun miƙe. Da mai waakyen ta ce mini "yarinyana ya tafi kasuwa", hannuna har ƙaiƙayi ya yi yana neman jan biro. Daga baya na tuna cewa ita a cikin wannan Hausar aka haife ta, uwarta ma haka, kuma babu wanda ya ɗauke ni aikin gyara a garin.

Goro ne ya shimfiɗa wannan harshe a nan. Itacen yana son kurmi da ruwan sama, mu kuma masu cinsa muna can ƙasar da ba ya fita, saboda haka tun ƙarnoni da suka wuce fatake ke haɗa ayari ƙarƙashin madugu, su ɗoro wa jakuna kanwa da tufafi da kayan fata, su yi watanni a hanya kafin su isa Gwanja. Abin da ban sani ba sai da na zo shi ne yawancinsu ba sa isowa Kumasi. Sarakunan Asante masu mulkin Kumasi, waɗanda tsofaffinmu ke kira Tonawa, sun fi son cinikin ya tsaya a kasuwar Salaga can arewa, su kai goron can a saya. Sai bayan da ƙarfin Asante ya karye, yaƙin basasa kuma ya watsa Salaga a 1892, fatake suka gangaro kudu, zangon Kumasi ya cika. Jirgin ƙasa ya iso garin daga Sekondi a 1903, goro ya fara bin teku zuwa Legas, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin 'yan kasuwar Arewa na farko da suka ci moriyar wannan sabuwar hanya kafin ya koma kan gyaɗa.

Garin a kan tuddai yake, ana hawa ana sauka, kuma kusan duk abin da baƙo zai so gani ana iya kai masa da ƙafa ko da ƙananan motocin haya da suke kira trotro, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Kasuwar Kejetiya, da ake cewa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, na ɓata a cikinta sau biyu, na ƙarshe sai da wata yarinya mai dako ta fitar da ni. Takobin Okomfo Anokye, bokan da ya taimaki Osei Tutu wajen kafa daular Asante a ƙarshen ƙarni na 17, yana nan a kafe a ƙasa cikin harabar babban asibitin da ke ɗauke da sunansa, ana cewa babu wanda ya taɓa iya zare shi. Na leƙa na fito, domin abin ji ya fi abin gani yawa a wurin.

Fadar Manhyia, fadar Sarkin Asante, ita ce ta riƙe ni yini guda. Turawan Ingila sun shiga Kumasi a watan Fabrairun 1874 ƙarƙashin Janar Wolseley, suka kwashe dukiyar fada suka cinna wa garin wuta. A 1896 suka dawo suka kama Sarki Prempeh na ɗaya, suka kai shi Saliyo, daga baya tsibiran Seshel, bai sake taka ƙasarsa ba sai 1924. Gidan da aka gina masa a 1925 shi ne aka mayar gidan tarihi a 1995, bene ne madaidaici wanda wani attajirin Gombe na yau zai iya rainawa, ɗawisu suna yawo a farfajiyarsa. Ba a ɗaukar hoto a ciki. Mai yi mana jagora ya ba mu labarin kujerar zinariya wadda Asante suka yi imani daga sama ta sauko ranar Juma'a, shi ya sa suke kiranta Sika Dwa Kofi, kamar dai mu ce Ɗanjuma, kuma ko sarki ba ya zama a kanta. Ya kuma nuna mana kayan zinariya da azurfa da aka kwashe a waɗancan yaƙe-yaƙe, guda 32 da gidajen tarihi biyu na Landan suka maido a 2024. Da wani ya tambaya ko sun dawo ke nan, sai ya yi murmushi ya ce aro ne na shekara 3, ana iya ƙarawa. Na daɗe ina juya wannan magana, a ce mutum ya ari kayan kakansa daga hannun wanda ya fasa ɗakin. Kuskurena ɗaya shi ne ban ƙirga kwanaki ba kafin in baro gida, domin bikin Akwasidae, da ake yi ranar Lahadi duk bayan kwana 42, inda Sarki Osei Tutu na biyu ke zama a bainar jama'a, bai faɗo cikin kwanakina ba. Duk mai niyyar zuwa ya fara duba wannan kafin ya sayi tikiti.

Washegari na tafi tsohon sansanin Turawa da ke tsakiyar gari, jan gini mai kauri wanda yanzu gidan tarihin soja ne. A watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya tara sarakunan Asante ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ya zauna, wannan ne ya tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranta. Suka tsare gwamnan da matarsa a cikin wannan gini tun daga watan Afrilu, yunwa da cuta suna cin mutane, har ya samu ya sulale a watan Yuni, dakarun Kanar Willcocks kuma suka iso a Yuli. Ita kuwa aka kama ta aka kai ta Seshel, can ta rasu a 1921. Ina bin labarin da tausayin Asante cike da zuciyata, sai jagoran ya ambaci sojojin da suka tsare wa gwamnan ginin, da waɗanda suka zo ceto. Ya ce Hausawa ne, ya faɗa ba tare da ya san ko ni wane ne ba.

Na san tarihin a takarda. Tun 1863 Gwamna Glover ya fara ɗaukar masu jin Hausa aikin soja a Legas, rundunar da sojan Nijeriya ke danganta asalinsa da ita, kuma da yawa cikin waɗanda Bature ya rubuta wa suna Hausa wasu ƙabilu ne da harshen ya haɗa. Amma karanta abu daban, tsayawa a cikin ginin kana jin sunan ƙabilarka a bakin jikan waɗanda aka harba daban. Nan take Bormi ta faɗo mini a rai, can kusa da Bajoga, inda na taɓa kai ɗalibai. Ranar 27 ga Yulin 1903, shekara 3 kacal bayan abin da ya faru a Kumasi, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa masu hijira zuwa gabas, kuma waɗanda suka riƙe bindigogin ranar ma yawancinsu da Hausa ake ba su umarni. A Bormi na saba tsayawa a matsayin ɗan waɗanda aka zalunta. A Kumasi ban san gefen da zan tsaya ba.

Da yamma na koma zango wajen masu goro, na zauna kusa da wani dattijo mai farar gemu yana tsintar ruɓaɓɓu daga cikin huhu yana yayyafa wa ganyen ruwa. Na gaishe shi, na faɗa masa sunan maigidan Bappa da kwatancen gidan. Ya yi shiru yana tunani, ya ce ya san sunan tun yana yaro, amma gidan an rushe an yi shaguna, zuriyar kuma ta watse. Sai na ba shi labarin abin da na ji a sansanin, na ce, "Baba, ashe da mu aka ci garin nan?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaro, kakana da bindigar Bature ya shigo Kumasi. Da ya ajiye kaki ya kama goro, ya auri 'yar garin, ga mu nan. Sarkin Asante ya san da mu, mu ma mun san da shi, ranar biki sarkin zango yana zuwa gaisuwa." Ya ƙirga mini goro 100 cif, fari da ja, ya naɗe a ganye, ya ce in riƙa yayyafa ruwa kullum da safe amma kada in jiƙa shi ya ruɓe, kuma kada in bar jakar a rana. Da na miƙa kuɗi ya cire wani abu ya maido mini, ya ce na Bappa ne, a gaya masa Kumasi tana gaishe shi.

A dawowa babbar motar kai tsaye na shiga daga Akra zuwa Legas, kuma da na haɗa lissafin zuwa da na dawowa, har da abin da teburori da 'yan canji suka ci, bambancin bai kai kuɗin kwana ɗaya a masaukin Aboabo ba. Jakar tana kan cinyata dukan hanya saboda goron, ina buɗe ta a kowace tasha ina yayyafa mata ruwan leda, har maƙwabcina ya tambaye ni ko wata dabba ce a ciki.

Na isa Gombe da daddare, da safe na shiga wurin Bappa na ajiye ƙullin a gabansa. Ya kwance ganyen a hankali, ya shinshina, ya zaɓi fari guda ya ɓare shi da farce, ya gutsura yana tauna idonsa a rufe. Na isar masa da gaisuwar dattijon da labarin gidan da aka rushe, bai ce komai ba. Can sai ya tambaye ni nawa na sayo ƙwaryar. Da na juya masa kuɗin zuwa naira ya buɗe ido ya ce, "Sun cuce ka, ɗan nan. A Tsohuwar Kasuwa ai bai kai haka ba." Sannan ya jawo 'yar akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado, ya saka goron a ciki, ya ce kada in gaya wa mutanen zaure.